Takardata da ta yayata duk sun ce "apocrine": ciwo ɗaya ne?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 41. Shekaru uku da suka wuce an cire mini wani ɗan ƙullutu a mama, takardar gwaji ta fito an rubuta apocrine metaplasia, likita ya ce ba komai ba ne. Yanzu yayata mai shekara 56 an ɗebi tsokar ƙarin da ya fito mata a mama, takardarta ta ce invasive carcinoma with apocrine features, ER da PR duk babu, HER2 kuma 2+. An ce sai an ƙara gwajin AR da GCDFP-15 da FISH, kowanne da kuɗinsa, mu kuma ƙarfinmu ya fara ƙarewa. Shin irin abin da aka gani a jikina ne ya girma ya zama nata? Kuma gwaje-gwajen nan dole ne, ko a fara magani kawai?"

Wa alaikumus salam Sista. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko, tunda kalma ɗaya ta fito a takardu biyu, ko ciwon ma ɗaya ne. Ta biyu, cikin gwaje-gwaje ukun nan wanne ne zai sauya maganin da za a ba ta, wanne ne kuma zai ƙara wa takarda tsawo kawai. Amsar ta farko a'a ce. Ta biyu kuwa, ukun ba nauyinsu ɗaya ba, akwai wanda bai kamata a tsallake ba, akwai wanda zai iya jira. Ni aikina duba tsoka ne a ɗakin gwaji, ta nan zan ɗauko maganar, kuma tunda ke ma ta gida ce ba zan taƙaita miki bayanin ba.

Abin da muke gani a kan gilashi

Ƙwayoyin afokirin, wato "apocrine" ɗin da aka rubuta a takardunku, asalin mazauninsu fata ne: hammata, matsematsi, baƙin da ke kewaye da kan mama, cikin kunne da gefen fatar ido. Su ne ke fitar da zufar nan mai kauri wadda ke kawo warin hammata bayan balaga. A cikin mama kuwa, ƙwayoyin da suka shimfiɗe bututun nono da 'yan buhunan da ke samar da shi sukan rikiɗe su ɗauki kamannin waɗancan na fata. In aka yanka tsoka siriri, aka rina ta da rinin yau da kullum, aka sa a madubin ɗakin gwaji, ba sa ɓuya: ƙwaya ce babba, cikinta cike da ɗigo-ɗigo masu launin hoda mai haske, cibiyarta zagayayya da ɗigo ɗaya fitacce a tsakiya, kanta kuma ya ɗan turo cikin bututu kamar zai ɓalle. Ko ɗalibin da ya shigo ɗakin gwaji jiya, in an nuna masa sau biyu zai gane ta.

Wannan rikiɗar ita aka rubuta a takardarki, kuma tana cikin abubuwan da muka fi yawan cin karo da su a tsokar mama, musamman a matan da suka wuce talatin ba su kai ga ɗaukewar al'ada ba. Galibi a jikin 'yan jakunkunan ruwa ake samun ta, irin waɗanda in aka soka allura sai a zuƙo ruwa kore-kore ko mai ruwan ƙasa, ƙullutun ya sace nan take. Hasali ma in muka ga irin waɗannan ƙwayoyin a jere lafiya lau a ruwan da aka zuƙo, hankalinmu kwanciya yake yi. Babban binciken da Dupont da Page suka wallafa a 1985 a Amurka, inda suka bi matan da aka taɓa yi wa tiyatar ƙari marar sankara shekaru masu yawa, ya sa irin wannan sauyin a rukunin da ba ya ƙara haɗarin kamuwa da sankara. Har yau a kan haka ake.

Na Yaya kuwa sankara ce wadda ta riga ta keta bututu ta shiga naman mama, sai dai ƙwayoyinta sun ɗauki wannan kamannin. Littafin rabe-raben ƙarin mama na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugun 2019, ya ware mata suna na kanta, da sharaɗin cewa sama da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin su kasance masu siffar afokirin, sannan ana so gwajin rini, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa, ya nuna ER da PR babu, AR kuma akwai. In aka bi sharaɗin da tsanani, ba ta da yawa, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na sankarar mama ce, kuma ta fi zuwa wa matan da suka manyanta. Ki lura takardarta "features" ta ce, wato wanda ya duba ya ga alamun, amma daga ɗan siririn naman da allura ta ɗebo ba zai iya rantsuwa cewa kashi 90 na dukan ƙarin haka yake ba. Shi ya sa ya nemi AR da GCDFP-15.

Me rinin nan ke nunawa, me kuma ba ya nunawa

Gwajin ER, PR, AR da sauransu duk hanya ɗaya ake yin su. Ana yanko wani siririn yanki daga bulon kakin da aka daskarar da tsokar a ciki, a zuba masa sinadarin da ba ya manne wa komai sai furotin ɗaya tak da ake nema, in furotin ɗin yana nan sai wurin ya yi launin ruwan ƙasa. ER makarɓin sinadarin istirojin ne, PR na furojestaron, AR kuma na andirojin, wanda aka fi sani da sinadarin maza alhali mata ma suna da shi daidai gwargwado. Su ukun a cibiyar ƙwaya suke fitowa. Ƙwayar afokirin tana da wata ɗabi'a da ta bambanta ta da maƙwabtanta na cikin mama: ta ajiye makarɓan istirojin da furojestaron, ta riƙe na andirojin. GCDFP-15 kuma furotin ne da aka fara tacewa daga ruwan jakunkunan nan na mama tun shekarun 1970, andirojin ne ke ingiza samar da shi, a cikin jikin ƙwaya yake fitowa ba a cibiya ba.

To ga inda mutane da yawa ke ruɗewa, har da wasu likitocin da ba ɓangarensu ba ne. Da a ce za a ɗauko bulon tsokarki na shekaru uku da suka wuce a yi masa rinin nan huɗu, abin da za a samu shi ne ER babu, PR babu, AR akwai, GCDFP-15 akwai. Daidai da abin da ake tsammanin samu a na Yaya. Rinin yana faɗin dangin da ƙwaya ta fito ne, ba ya faɗin halinta. Zanen fuska zai gaya miki gidan su mutum, amma ba zai gaya miki ko mai gaskiya ne ko ɓarawo ba. Saboda haka duk wanda ya ce miki an yi AR ya fito don haka sankara ce, ko ya ce an yi GCDFP-15 don a tabbatar ko ƙarin mugu ne, bai fahimci aikin gwajin ba.

Kuma ko wajen faɗin dangin, kowannensu shi kaɗai gurgu ne. Mafi yawan sankarar mama mai ER tana ɗauke da AR ita ma, don haka AR ba ya nufin afokirin sai an haɗa shi da rashin ER da kuma siffar da ido ya gani. Ba a ma gama daidaitawa kan adadin da za a kira "akwai" ba, wasu ɗakunan gwaji kashi 1 suke ɗauka, wasu kashi 10. GCDFP-15 kuma fitowarsa tsalli-tsalli ce, nan ya kama can bai kama ba, yana fitowa a sankarorin mama da dama da ba afokirin ba, sannan yakan ragu a wasu na afokirin ɗin da suka yi nisa. A ɗan naman allura, rashinsa ba ya kore komai. Akwai wasu alamomin da masu bincike suka fito da su, irin su 15-PGDH da ACSM1 daga wani rukuni a Kofanhegan, da AMACR wanda muka fi sani a gwajin sankarar mafitsarar maza, wato prostate. Suna da ban sha'awa a takardun bincike, amma ba su shiga aikin yau da kullum ba, kuma babu dalilin da zai sa ku kashe kuɗi a kansu.

To da me ake rabe mai illa da marar illa?

Da ido, da farko. Muna duba girman cibiyoyin ƙwayoyin, ko sun yi daidai da juna ko wata ta ninka wata. Muna duba gefen cibiyar, sumul yake ko ya yi gargada. Muna ƙirga waɗanda muka kama suna tsakiyar rabuwa. Muna neman matattun ƙwayoyi a tsakiyar bututu. Sannan mu duba tsarin ginin gaba ɗaya, ƙwayoyin suna zaune a layi ɗaya ko sun cika bututu sun yi gadoji, ko kuma sun fita sun bazu cikin kitse da jijiyoyi.

Wahalar ita ce ƙwayar afokirin ko da lafiyayya ce babba ce, ɗigon cibiyarta ma fitacce ne, abubuwan da a wata ƙwayar za su sa mu tsorata. Don haka ma'aunin ya bambanta: sai cibiya ta kai ninki uku na ta lafiyayyar afokirin kafin mu kira ta baƙuwa. Sannan dabarar da muke amfani da ita a sauran ƙarin cikin bututu a nan ba ta aiki. A ƙarin da ba afokirin ba, in muna shakka sai mu yi rinin ER da na wani furotin da ake kira CK5/6: marar illa yakan fito a cakuɗe, wasu ƙwayoyin sun kama wasu ba su kama ba, mai hanyar zama sankara kuma ER ya kama shi gaba ɗaya CK5/6 ya ƙi. A afokirin, mai illa da marar illa duk ER babu, CK5/6 ma galibi babu. Wanda bai kula ba sai ya ga CK5/6 bai kama ba ya rubuta mugun sakamako a kan abin da ba komai ba.

Rinin da ke taimakawa a nan wani ne daban. Kowane lafiyayyen bututun nono yana da layi biyu, na ciki mai samar da nono da na waje mai matse shi. Muddin na wajen yana nan kewaye da ƙwayoyin, ciwon bai fita ba. In ya ɓace, ƙwayoyin kuma suna warwatse, an shiga abin da takardar Yaya ta kira invasive. Ana nemo layin wajen da p63, wanda ke kama cibiya, da kalfonin ko SMMHC masu kama jikin ƙwayar, kuma ni ba na yarda da guda ɗaya, sai na haɗa biyu. Amma ko a nan afokirin yana da wayo. An tabbatar da cewa wasu jakunkuna da tsiro na afokirin marasa illa sukan rasa layin wajen a wani sashe, wani lokaci ma gaba ɗaya. In na ga haka, ga ƙwayoyi natsattsu, ga gefen ƙarin a zagaye sumul, naman da ke kewaye bai nuna alamar an kutsa shi ba, ba na rubuta sankara don kawai p63 bai fito ba.

Akwai kuma na tsakiya, waɗanda suka wuce na lafiya ba su kai sankara ba. Mafi shahara shi ne wanda ƙwayoyin afokirin masu manyan cibiyoyi suka cika wani curin ƙananan bututu da suka matsu da juna, har a ido ya yi kama da sankarar da ta bazu. A nan p63 yakan cece mu, don yana nuna layin wajen yana nan. Iyakar da ke tsakanin irin wannan da sankarar da ba ta fita daga bututu ba har yanzu masana ba su haɗu a kanta ba, wasu da faɗin wurin suke aunawa a milimita, wasu da munin cibiya. Ki-67, mai nuna yawan ƙwayoyin da ke shirin rabuwa, da rinin furotin p53 sukan ba da ɗan haske amma ba sa yanke hukunci. In allura ta ɗebo irin wannan, shawarata kullum a cire wurin gaba ɗaya a duba, don abin da ke gefensa ne abin tsoro.

Wani amfanin rinin da ba a cika faɗa ba shi ne kore masu kama. Akwai wani ƙari da ke tasowa daga ƙwayoyin rufin jijiya, cikinsa ɗigo-ɗigo ne kamar na afokirin, a hoton mama da a hannu duk kamar sankara yake, alhali kusan kullum ba shi da illa. Rinin S100 na kama shi, na keratin ba ya kama shi. Akwai ƙwayoyin share datti na jiki da kan taru inda jakar ruwa ta fashe, CD68 ke nuna su. Akwai kuma wani nau'in sankarar buhunan nono da ke ɗaukar siffar afokirin, wanda rashin E-cadherin ke tona shi. A irin waɗannan wuraren rini na iya hana a yanke wa mace mama a banza.

HER2 2+: nan kuɗinku ya kamata ya fara zuwa

HER2 furotin ne a gefen ƙwaya da ke ingiza ta ta yi ta rabuwa. A gwajinsa ana ba da maki huɗu: 0, 1+, 2+ da 3+. Na 3+ akwai ne, 0 da 1+ babu ne a ma'aunin da aka saba, 2+ kuwa ba a sani ba tukuna. FISH ne ke warware shi, don shi ba furotin yake dubawa ba, ƙwayar gadon HER2 ɗin kanta yake ƙirgawa a kan kuromosom na 17, a ga ko ta ninninka. Wannan ya fi muhimmanci a sankarar afokirin fiye da sauran, saboda kaso mai yawa daga cikinsu, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa wajen rabi gwargwadon binciken da aka duba, suna da HER2. Ga shi kuma karanta rinin HER2 a ƙwayar afokirin yana da tarko: cikinta yakan sha launi ya yi duhu, alhali gefen ƙwayar kawai ake ƙirgawa, kuma lafiyayyun afokirin da ke kusa su ma gefensu kan ɗan kama. Dole a karanta a ɓangaren da ya bazu kaɗai.

In FISH ya nuna akwai, an buɗe wa Yaya ƙofar trastuzumab, wanda aka fara amfani da shi a 1998, ana haɗa shi da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, yawanci duk mako uku har shekara guda, tare da duba ƙarfin zuciya lokaci-lokaci. Maganin ya sauya makomar masu irin wannan sankarar ƙwarai. Yana da tsada, ba zan ɓoye miki ba, ko da yake tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amincewa da kwatankwacinsa masu rahusa. In kuma FISH ya nuna babu, ta shiga rukunin da ake kira mai rashi uku, ER, PR da HER2, tsarin kemo ɗin ma ya bambanta, kuma kun tsira daga sayen magani mai tsada da ba zai amfane ta ba. Ta kowace fuska dai sakamakon ne zai tsara magani. Kuɗin FISH sau ɗaya bai kai na allurar trastuzumab ta zagaye kaɗan ba.

AR fa? Amfaninsa na gaskiya ne amma bai kai wancan ba. Tun 2005 masu bincike a Turai da suka duba ayyukan dubban ƙwayoyin gado a lokaci guda suka gano wani rukunin sankarar mama marar ER wanda andirojin ke tuƙawa. A 2011 wani rukuni a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya rarraba mai rashi uku gida-gida, ɗaya daga ciki shi ne mai dogaro da AR, wanda yakan zo da sauyi a ƙwayar gadon PIK3CA. Rukunin nan da abin da muke kira afokirin a madubi sun yi tarayya sosai amma ba abu ɗaya ba ne cif. Abin da aka lura shi ne irin wannan yakan yi tafiyar hawainiya in aka gwada da sauran masu rashi uku, Ki-67 ɗinsa yakan yi ƙasa, kuma bai cika narkewa gaba ɗaya da kemo ɗin da ake bayarwa kafin tiyata ba. Likitan sankara zai so sanin haka don ya san abin da zai yi tsammani.

An kuma gwada magungunan toshe andirojin na sankarar mafitsarar maza a kan matan da ciwonsu ya riga ya bazu. A gwajin bicalutamide da aka wallafa a 2013, kusan mace ɗaya cikin biyar ce ciwonta ya tsaya na wata shida. An gwada abiraterone da enzalutamide daga baya, sakamakon bai yi nisa da wannan ba. Taimako ne ga wasu, amma bai kai a mayar da shi maganin farko ba, kuma ba a ba da shi a madadin tiyata da kemo da gashi ga wadda ciwonta bai bazu ba. Saboda haka ko AR ya fito ko bai fito ba, abin da za a fara yi wa Yaya a watannin nan ba zai sauya ba. Bulon kakin yana ajiyuwa shekaru, duk ranar da aka buƙaci AR ana iya yanka a yi. GCDFP-15 kuwa a halin da take ciki shi ne na ƙarshe a layi. Inda yake da daraja shi ne in an ga ƙari a hanta ko huhu ko kaluluwa ba a san daga ina ya taso ba, nan ma tare da GATA3 da mammaglobin ake yin sa, kuma ba ya iya rabe na mama da irinsa da ya taso daga fatar hammata ko daga gilan ɗin yawu.

Kafin ki yarda da "ER babu"

Wannan ɓangaren bai shigo tambayarki ba, amma a wurinmu shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk rinin nan ya dogara ne da yadda aka riƙe tsokar tun daga minti na farko. Ƙa'idar da ake bi ita ce ta shiga ruwan adana nama da ake kira fomalin, mai kashi 10, wanda aka daidaita tsaminsa cikin awa ɗaya da cire ta, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, ruwan kuma ya ninka girman naman wajen sau goma. Abin da ke iso mana kuwa sau da yawa daban ne. Mama guda cur a cikin bokitin roba, ba a tsaga shi ba, fomalin bai ko rufe shi ba, ɗan'uwan marar lafiya ya ɗauko shi a motar haya daga wani gari bayan ya kwana biyu a ɗaki ana neman kuɗin gwaji. Wani a ruwan gishirin ƙarin ruwa ake kawo shi, wani a sifirit. Fomalin a hankali yake ratsa nama, wajen milimita ɗaya a awa, yana nisa yana rage gudu. In muka tsaga sai mu tarar gefe ya yi tauri ya yi fari, tsakiya inda ƙarin yake ya yi laushi ya fara lalacewa. A irin wannan naman ER da PR sun riga sun mutu, rini zai ce babu alhali akwai.

Ba ƙaramar magana ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan tsoffin bulolin tsoka daga Najeriya da Senegal ya samu ER a wajen kashi ɗaya cikin huɗu kacal, wani kuma daga Ibadan a 2008, inda aka kula da riƙon tsokar tun daga farko, ya samu kusan kashi biyu cikin uku. Ba lalacewar nama kaɗai ce ta kawo tazarar ba, amma tana da hannu a ciki. Ga sankarar afokirin abin ya fi haɗari ta wata fuska, don da ma ana tsammanin ER babu, sai kowa ya karɓi sakamakon ba tare da tambaya ba. Alhali akwai sankarori masu ER da ke da ɗan kamannin afokirin, kuma mai irin wannan tana da haƙƙin shan tamoxifen ko ɗan'uwansa, magani mai sauƙin kuɗi da ke rage dawowar ciwo. Kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin in suka kama ya isa a ce akwai.

Hanyar tantancewa mai sauƙi ce. A kan gilashin, lafiyayyun bututun nono da ke gefen ƙarin dole wasu ƙwayoyinsu su kama ER. In sun kama ƙarin bai kama ba, sakamakon gaskiya ne. In su ma ba su kama ba, gwajin ne ya faɗi. Ki tambaya ko an ga wannan shaidar ta cikin gida a gilashin Yaya. Kalmar da za ki nema a takarda ita ce internal control. Abin farin ciki nata naman allura ne, siriri, fomalin na ratsa shi da wuri, don haka ya fi zama abin dogaro a kan babban nama. A nan AR ma yana da wata 'yar fa'ida ta gefe: in ya kama cibiyoyin ƙarin da ƙarfi a naman da ER ya ƙi, alama ce naman bai lalace ba. Ranar tiyata kuma, tunda kina cikin asibiti, ki tsaya da kanki ki ga an kai naman ɗakin gwaji a ranar, an tsattsaga shi, an nutsar da shi a isasshen fomalin. Akasin haka kuma, kada a ɗora ta a kan tamoxifen don kawai an saba ba kowa. In ER babu da gaske, ba abin da zai yi mata.

Iyakata a nan ita ce takarda kika karanto mini, ban ga gilashin ba, ban san girman ƙarin ba, ban san ko ya taɓa kaluluwar hammata ba, waɗannan kuwa su ne suka fi kowane rini faɗin yadda ciwon zai kasance. In aka daidaita mataki da mataki, wato nisan da ciwon ya yi, sankarar afokirin ba ta fi sauran muni ba, wasu binciken ma sun nuna mai rashi ukunta ta ɗan fi sauran masu rashi uku sauƙi. Tsara magani aikin likitan sankara ne da na tiyata. Abin da zan ce ki kai musu shi ne: a tura FISH yanzu, kada a jira shi kafin a yi hotunan tantance mataki, AR ya biyo baya in da hali, GCDFP-15 kuma ki tambayi wanda ya nema ko akwai wata shakka takamaimai da yake son korewa. In akwai, a yi. In don cika suna ne kawai, ya jira.

Ke kuma Sista, takardarki ta da ba ta ƙara miki haɗari ba, kuma ba a gadon rikiɗar afokirin daga 'yar'uwa zuwa 'yar'uwa. Abin da ya sauya lissafinki shi ne yanzu kina da 'yar'uwa ta jini mai sankarar mama, wannan kuwa yakan kusan ninka haɗarin mace sau biyu, ko wane iri ce sankarar. A shekara 41 lokacin fara hoton mamogiram ya yi. Ki nemo tsohuwar takardar ki sake karanta ta har ƙasa, ki tabbatar babu kalmar atypical ko atypia, wato baƙin ƙwayoyin da suka wuce na lafiya, a ko'ina, don ita ce za ta sa a matso da bibiyarki kusa. In kuma a danginku akwai wata da ta yi sankarar mama tana ƙuruciya, ko ta ƙwan mahaifa, ko namijin da ya yi ta mama, ki faɗa wa likitan Yaya, saboda hakan zai sa a yi maganar gwajin BRCA, wato na ƙwayar gadon da ke sa sankarar mama ta bi dangi, gare ta, sakamakonsa kuma ya shafe ki da sauran ƙannenku.